Jan idon da ya ƙi jin magani: kada garin neman gira a rasa ido

Duk wanda ya zaga unguwannin Maraɗi cikin hunturu ko bazara, daga Bagalam da Mokoyo har Sabon Gari da Zariya, ko ya leƙa makarantun Tibiri, ko ya ratsa lambunan Jiratawa, ba zai rasa ganin yaro mai irin wannan ido ba. Farin idon ya rine, ya koma ruwan ƙasa kamar ruwan gulbi farkon damina. Yaron na murza shi da bayan hannu ba dare ba rana, ba ya iya duban hasken rana, da safe kuma a tarar da kwantsa mai yauƙi tana miƙewa kamar zare. An yi na gida, an sa kwalli, an wanke da jiƙo, ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo. Daga nan sai a nufi kasuwa, wurin masu tallar magani, a sayo ƴar kwalbar ɗigawa.

Abin mamaki, da an ɗiga sai ido ya washe, ƙaiƙayi ya kwanta. Uwa ta yi murna, ta gaya wa maƙwabciya, ita ma ta saya. In kwalba ta ƙare ciwo ya taso, sai a sake sayo wata. A haka ake cin wata shida, shekara, har shekara biyu. Ranar da aka kai yaron asibiti, sabili da ya fara tuntuɓe da kaya a tsakar gida ko ya daina ganin allon makaranta, sai likita ya auna ido ya ce: "Inna, tun yaushe kike ɗiga masa wannan?" Ita kuwa ta ce: "Malam, ai shi kaɗai ne ya karɓe shi." Alhali kuwa maganin da ya karɓe shi ɗin shi ne ya ci ganinsa.

Ƴan uwa masu karatu, a kan wannan batu za mu yi magana yau. Akwai ciwon ido mai naci, akwai tsohon magani mai amfani da lahani, akwai kuma sababbin magunguna masu kwantar da garkuwar jiki waɗanda aka samu a ƴan shekarun nan. Ya kamata kowane magidanci ya san su, ya kuma san sharuɗɗansu.

Ba duk jan ido ne ɗaya ba

Abu na farko shi ne bambance ciwo da ciwo, domin ido uku suna iya yin ja iri ɗaya, amma maganin wannan ya zama gubar wancan.

Na ɗaya shi ne amodari, wanda mutanen jihar Maraɗi da Damagaram suka daɗe da saninsa. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙudaje da hannu da tsumma ke yaɗa shi. In ya yi ta maimaituwa sai fatar ido ta tanƙware ciki, gashin ido ya riƙa gogar baƙin ido har ya makantar. Maganinsa a fili yake: wanke fuska, tsabtar gida da masai, maganin shafawa na tetarasikilin ko ƙwayar azitoromisin, da ƴar tiyata ga wanda gashin idonsa ya juya. Tun ƙarshen shekarun 1990 ma'aikatar kiwon lafiya ke yaƙi da shi tare da taimakon Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller, kuma ya ragu ƙwarai a karkararmu.

Na biyu shi ne wanda muka buɗe magana da shi. Wannan ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Jikin yaron ne ke fushi da ƙura da garin furen tsirrai da zafi da iska, har garkuwar jiki ta wuce gona da iri ta kumbura fatar da ta lulluɓe farin ido. Farfesa Joseph Diallo na Jami'ar Dakar ya bayyana kamanninsa a ƙasashenmu a shekarar 1976, ya raɗa masa sunan da likitocinmu ke gajartawa LCET. Galibi yana farawa kafin yaro ya kai shekara 10, ya fi kama maza, kuma a mafi yawan yara yakan lafa da kansa bayan balaga. Amma kafin ya lafa yana iya yin ɓarna: gyambo a baƙin ido, ko hakiya, ko kuma yawan murza ya sa baƙin ido ya yi tsini ya ɓata gani.

Na uku ya fi duka haɗari, watau kumburin cikin ido, wanda likitoci ke kira ubeyit. Shi ba a bayan ido yake ba, a can cikin ƙwayar ido yake, inda jijiyoyin jini suka yi yawa. Alamunsa su ne zugi, da ƙin haske, da hazo-hazo, da ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo kamar ƙudaje. Wani lokaci ma ba ya yin ja, ba ya yin zafi, sai dai gani ya riƙa raguwa. Ya fi kama mutane masu jini a jika, tsakanin shekara 20 da 50, watau masu ɗauke da gida. Iri biyu ne. Akwai wanda wata cuta ta kawo, kamar tarin fuka, ko tunjere, ko kuturta, ko sida, ko cutar tokzo wadda ake samu daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ta ɓata hanya ta afka wa idon mai ita, sau da yawa tare da ciwon gaɓoɓi, ko ciwon baya, ko gyambon baki mai yawan dawowa.

Kortizon: zuma ga zaƙi ga harbi

Abin da ke cikin yawancin kwalaben da ke washe ido nan take shi ne kortizon ko danginsa, kamar deksametazon da betametazon. A shekarar 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara gwada kortizon a kan masu ciwon gaɓoɓi, a 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba likitocin ido suka soma aiki da shi, kuma har gobe babu maganin da ya kai shi saurin kashe kumburi. A hannun likita, na ƴan kwanaki ƙididdigaggu, ya ceci idanu ba iyaka.

Lahaninsa yana zuwa ne in aka daɗe a kansa. A cikin ido akwai wani ruwa da ke shiga yana fita ta wata ƴar magudana. Kortizon yana toshe magudanar sannu a hankali, ruwa ya taru, matsin ido ya hau. A lafiyayyen ido ma'aunin bai cika wuce 21 ba. Binciken da aka yi tun shekarun 1960 ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa yakan hau in ya yi mako huɗu zuwa shida yana ɗiga mai ƙarfi, yara kuma sun fi manya saurin kamuwa. Wannan shi ne gulokom, watau hawan ruwan ido. Ba ya zafi, ba ya sallama, yana cin jijiyar gani daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa ko da an kai mutum ina. Bayan haka kortizon na kawo yana tun mutum na ƙuruciya. Daɗin daɗawa, in akwai gyambo a baƙin ido, ɗiga shi kamar zuba wa wuta mai ne, domin yana ɗaure hannun garkuwar jiki ya bar ƙwayar cuta ta yi yadda ta ga dama, har ido ya huje.

Wanda kuma ake ba ƙwayar kortizon ta sha wata da watanni saboda kumburin cikin ido, shi ma yana da nasa: kumburin fuska, ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi, yaro kuma ya tsumbure. To, ga tsaka mai wuya: a daina magani ciwo ya taso, a ci gaba magani ya yi lahani. Neman mafita daga wannan hali shi ya kai masana ga magungunan da za mu ambata yanzu.

Magungunan da suka fito daga ƙasa

Cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu tsaron jiki ne. In abokin gaba ya shigo sukan aika wa juna saƙo su taru su yi yaƙi. A ciwon ido mai naci, suna taruwa ne ba tare da abokin gaba ba. Kortizon yana kwantar da rundunar gaba ɗaya, ya kuma taɓa sauran sassan jiki. Sababbin magungunan kuwa saƙon suke tarewa, kuma ba sa hawar da ruwan ido, ba sa kawo yana.

Na farkonsu shi ne sikulosiforin. An samo shi daga wata irin funfuna da ke cikin ƙasar da aka ɗebo a Norwe, masana na kamfanin Sandoz a birnin Bal na ƙasar Suwis suka gano amfaninsa a shekarun 1970, aka yarda da shi a 1983 domin hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa masa. Na biyu shi ne takorolimus, wanda aka samo a 1984 daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa kusa da dutsen Tsukuba a Japan. Da likitocin ido suka ga yadda suke aiki, sai suka mai da su na ɗigawa da na shafawa. A 2008 Japan ta yarda da takorolimus na ɗigawa domin irin ciwon yaran nan, a 2018 Tarayyar Turai ta yarda da sikulosiforin na ɗigawa mai suna Verkazia domin yara daga shekara 4, Amurka kuma ta bi sahu a 2021.

Ba a Turai kaɗai aka gwada ba. A ƙasar Ruwanda an yi wani gwaji a kan masu wannan ciwo su 366, aka buga sakamakonsa a 2012. An ba wasu sikulosiforin, wasu deksametazon. Bayan mako huɗu ba a ga wani bambanci mai yawa ba tsakanin sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu, sai dai sikulosiforin ya fi yaji a ido. Wannan yajin abu ne da ya kamata iyaye su sani tun farko, domin yara da yawa sukan ƙi maganin a kwanakin farko, uwa ta ji tausayi ta koma wa tsohuwar kwalba. Haka kuma ba ya washe ido dare ɗaya, sai an yi haƙurin mako biyu ko fiye. Abin da likitoci kan yi shi ne su kashe wutar da kortizon na ƴan kwanaki, sa'an nan su riƙe yaron da sabon maganin har lokacin tashin ciwon ya wuce.

A lura kuma, ba kowane yaro ke bukatar waɗannan ba. Mai ƙaramin ciwo yakan samu sauƙi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a ɗora bisa ido, da wanke fuska in an dawo daga ƙura, da hula ko tabarau, da magungunan ƙaiƙayi marasa haɗari kamar koromogilikat, da kuma hana murza.

Na kumburin cikin ido

In kumburi na can ciki ne, ɗigawa ba ta isa wurin, sai ƙwaya ko allura. A nan akwai tsoho mai araha da sabo mai tsada.

Tsohon shi ne metotereksat, wanda ake sha sau ɗaya a mako. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Indiya da Amurka da Ostiraliya da Saudiyya da Meksiko a kan mutum 265, inda aka gwama shi da wani mai tsada, mikofenolat. Bayan wata shida, kumburi ya kwanta a wajen kashi 67 cikin 100 na masu shan metotereksat, da kashi 57 na masu shan ɗayan. Ma'ana, mai tsadar bai fi mai arahar ba. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasa irin tamu.

Sabon shi ne adalimumab, allurar da ake yi ƙarƙashin fata duk mako biyu. Aikinsa shi ne kama wani sinadari guda, mai suna TNF, wanda shi ne ke busa wa fararen ƙwayoyin jini ƙahon yaƙi. A 2016 Amurka da Turai suka yarda da shi domin kumburin cikin ido wanda ba ƙwayar cuta ta kawo ba. A gwajin da aka yi da mutum 217, masu karɓarsa sun yi wajen mako 24 kafin ciwo ya taso, waɗanda ba su karɓa ba kuwa mako 13. A Ingila an gwada shi a kan yara 90 masu ciwon gaɓoɓi da ya shafi ido, aka buga a 2017: ciwon ya gagari magani a kashi 27 na waɗanda aka haɗa musu shi da metotereksat, amma kashi 60 a waɗanda suka tsaya kan metotereksat kaɗai. A 2019 ƙungiyar lafiya ta duniya, watau OMS, ta sa shi cikin jerin magungunan da suka zama wajibi. Tun 2018 wasu kamfanoni suka fara sayar da irinsa a Turai, kuɗinsa ya sauko, amma har yanzu ya fi ƙarfin talaka. Ga shi kuma sai an ajiye shi cikin firiji tsakanin digiri 2 da 8, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a bazarar Maraɗi in wuta ta ɗauke.

Sharuɗɗan da ba a tsallakewa

Kada mai karatu ya ji waɗannan sunaye ya rubuta a takarda ya aika Katsina ko Kano a sayo masa. Wanda ya yi haka ya maimaita kuskuren kwalbar kasuwa, har ma ya fi. Maganin da ke kwantar da garkuwar jiki yana buɗe wa cuta ƙofa, saboda haka yana da sharuɗɗa.

Na farko, sai an tabbata ba ƙwayar cuta ce ta kawo kumburin ba. A Turai yawancin kumburin cikin ido na garkuwar jiki ne, amma a Afirka ta Yamma kaso mai yawa na cututtuka ne. Mai kumburin tarin fuka maganin tarin fuka yake bukata, mai na tunjere allurar penisilin, mai na kuturta maganin kuturta, irin wanda cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi ta daɗe tana bayarwa. In aka ba irin waɗannan mutane metotereksat ko adalimumab ba tare da an kashe cutar ba, an taimaki cutar ne.

Na biyu, sai an binciki jikin kafin a fara. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar tarin fuka a kwance ba su sani ba, adalimumab kuwa yana iya tashinta. Haka ciwon hanta irin na B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu. Dole ne a ɗauki hoton ƙirji, a auna jini domin hanta da ƙoda da sida.

Na uku ya shafi mata. Metotereksat da mikofenolat suna zubar da ciki ko su nakasa jariri. Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa, wajibi ne ta gaya wa likita gaskiya, kuma ya kamata maigida ya zo a yi maganar tare da shi.

Na huɗu, sai an kiyaye ƙa'ida. Metotereksat sau ɗaya ne a mako, ba kullum ba. Wanda ya sha shi kullum bisa kuskure yana iya rasa ransa. A zaɓi rana guda, Juma'a alal misali, a riƙe ta. Ana haɗa shi da ƙwayar asid folik, a guji barasa, a kuma koma awon jini a ranakun da likita ya sa. Zazzaɓi ko tari ko gyambon baki in sun taso, a koma asibiti ba jinkiri. Wanda kuma ya daɗe yana shan ƙwayar kortizon kada ya yanke ta rana ɗaya, sai likita ya rage masa sannu-sannu.

Abin da ya rage gare mu

Mutanen Maraɗi da kewayenta ba su rasa inda za su je ba. Akwai gidajen likita a Tibiri da Jiratawa waɗanda za su duba su tura gaba. A cikin birni akwai babban asibitin jiha, da asibitin ƙwararru, da asibitin ido na Makka. Ba sai an yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai ba kafin a auna matsin ido, aikin da bai wuce na ƴan mintoci ba. Hasali ma a 2024 hukuma ta rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi. Wanda ya lissafa kuɗin kwalaben da ya saya cikin shekara zai ga cewa ganin likita ya fi araha.

Muna kira ga iyaye: duk jan idon da ya wuce mako guda, ko ya zo da zugi, ko da raguwar gani, ko da farin tabo a baƙin ido, a kai shi asibiti. Wanda ya riga ya daɗe yana ɗiga na kasuwa ya ɗauki kwalbar ya tafi da ita, kada ya ji kunya, domin likita ya san abin da ke ciki. Muna kira ga malaman makarantun boko da na allo, waɗanda su ke wuni da yaran nan, da su lura da mai murza ido da mai matsowa kusa da allo, su sanar da iyayensa. Kada kuma a kori irin wannan yaro daga aji, domin ciwonsa ba ya yaɗuwa. Muna roƙon sarakunanmu na Katsinar Maraɗi da Gobir, da masu gari da limamai, su sa baki kamar yadda suka sa a yaƙin amodari da rigakafin shan inna.

Ga hukuma kuma, musamman shirin ƙasa na lafiyar ido, watau PNSO, da ofishin magunguna na ONPPC, akwai aiki uku. A tsananta hana sayar da kortizon na ido ba da takardar likita ba. A samar da sikulosiforin da takorolimus na ido a farmasi da kuɗin da talaka zai iya, domin ba a raba uwa da kwalbar kasuwa sai an ba ta abin da ya fi ta. A kuma ƙara horar da ma'aikatan ido, tun daga ɗaliban sashen lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a ba su ma'aunin matsin ido a kowace gunduma.

Ƙasarmu ta nuna tana iyawa. A watan Janairu na 2025 OMS ta shaida cewa Nijar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, ita ce ta farko a Afirka da ta yi haka. In an iya wannan, ba za a kasa hana yaro makancewa da maganin da uwarsa ta saya masa da hannunta don ƙauna ba. Ciwon yaran nan yakan wuce da kansa in sun girma. Aikinmu shi ne mu kai su wannan lokaci da idanunsu biyu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.